Na Je Taron 'Yan Kwas, Na Ƙare a Soron Ɗinki

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar tashar Nguru, an cusa mu kamar buhunan gero, ni kuma na rungume jakar laftof ɗina kamar jinjiri. Kuɗin mota ya ninka na bara, amma ramukan hanya suna nan yadda na bar su, sai dai ruwan damina da ya cika su.

Ga waɗanda ba su san ni ba, huluna nake sayarwa. Tun bara na shiga wani kwas na 'yan koyo a intanet, inda ake koyar da rubuta umarnin da ke sa shafi ya yi aiki, ka danna maɓalli abu ya buɗe. Burina in yi wa hulunana shafi. Matsalar ita ce a layinmu babu wanda zan yi wa wannan zancen. Ranar da na ce maɓallina ya ƙi aiki, maƙwabcina cewa ya yi in kai wa tela. Har na fara tunanin ajiye karatun, sai 'yan guruf ɗin kwas suka sa ranar haɗuwa a Kano. Kusan kowa ya rubuta zai zo.

A Haɗeja muka karya da soyayyen kifi da burodi. Fasinjoji suna ta hirar farashin taki, ni ina ta shirya yadda zan gabatar da kaina.

Daga 'Yankaba na hau adaidaita sahu zuwa Gwammaja, wani shagon gyaran kwamfuta da aka ce nan ne mahaɗa. Mai shagon ya ba ni benci. Na zauna har azahar ina leƙa fuskar duk wanda ya gifta da jaka. Saƙonni suka fara shigowa: wannan ɗaurin aure, wancan ruwa ya tare shi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan bencin ba, ga mutane cike da titi, ga ni da hula sabuwa.

Akwai mutum ɗaya a guruf ɗin da duk sanda na maƙale shi ke amsa mini, ba mu taɓa ganin juna ba. Na rubuta masa cewa ina Kano. Ya daɗe kafin ya ce, "Malam, ba na iya fitowa. In ba damuwa ka zo unguwarmu, Soron Ɗinki."

Cikin gari ba a shigarsa da garaje. Mai adaidaita ya sauke ni inda lungu ya fi ƙarfinsa, na bi da ƙafa ina tsallake kwata, ina raɓewa babura suna wucewa, ƙanshin ɗanwake na fitowa daga wani gida. Wani dattijo mai ɗinkin riga ya nuna mini ƙofar.

A soro na same shi kan katifa, kwamfuta bisa ƙaramin teburi da aka gitta masa a cinya, keken guragu a jingine da bango. Zai yi sa'ana. Da direban babbar mota ne, ya ce, har hatsari ya taɓa masa baya. Da farko soron ba ya rabuwa da masu dubiya. Yanzu sai Juma'a, ita ma ba kowace ba.

"Kai ne na farko daga cikinsu da na gani da ido," ya ce.

Muka gaisa, muka sake gaisawa, sai magana ta ƙare. Mutanen da suka yi watanni suna hira a rubuce, ga mu muna kallon tabarma. Aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji, muka ci. Shi ya cece mu da ya ce, "Buɗe mu ga maɓallin nan."

Na matsa kusa da shi. Ya bi layukan da yatsa a hankali, bai gaya mini ba, ya tsaya kawai a wani wuri yana jira. Sai na gani: na rubuta babban baƙi inda ake son ƙarami. Na gyara, na danna, hoton hula zanna bukar ya buɗe. Muka yi dariya har wata mata ta leƙo daga cikin gida, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta koma.

Bayan la'asar na miƙe. Ya riƙe hannuna ya ce in riƙa turo tambaya ko da na san amsar.

Na kwana wajen wani abokin ciniki a Ƙofar Ruwa, washegari na kamo hanya. Na iso gida da yamma, na buɗe rumfa, babu wanda ya tambaye ni yadda taro ya kasance. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, duk watannin nan na ɗauka ni kaɗai nake jiran amsa. Ashe a ɗaya gefen akwai mai jiran tambaya. Kafin magariba na tura masa guda biyu.