Maitama da ɗoɗɗoyar Ba'indiye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 21 ga Maris, 1984, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran abokina Malam Maitama, mai ƙera fitilu da bokitai a kasuwar Funtuwa.

Maitama, ni ne Ɗanjuma, wanda ya bar firamare a aji huɗu, malamai suka yi sadaka don murna. Yau ni ke riƙe da alƙalami a kanka. Da kana nan da ka ce a duba ko lafiya nake.

Ban san mutum mai son sanin abu kamarka ba. Lokacin da wani malamin sakandare Ba'indiye zai koma ƙasarsu, ya bar maka shuka a gwangwani, ya ce a wurinsu abar girmamawa ce. Ka kawo mini na shinshina, na ce ai ɗoɗɗoya ce, irinta cike take a bayan garin Maska. Ka ce, "Danginta dai. Wannan tana da ƙamshin kanumfari. Hancinka ne taba ta kashe."

Ka yi ta yaɗa irinta har ta cika bayan gidanka. Sannan ka ƙera tukunya mai bututu, tururin ganyen ya bi ta cikin randar ruwan sanyi, ya ɗiga a kwalba. Ganye cikin buhu, man da ya taso sama bai cika cokali ba. Na yi maka dariya har na ƙware.

Gwajin farko a goshina aka yi, da yardata. Wurin ya yi ja ya kumbura, na wuni mutane na yi mini barka da samun tabon salla dare ɗaya. Daga nan ka kafa dokokinka: ba a sha, ba a kai shi kusa da ido, ba ya taɓa fata sai an gauraya shi da man gyaɗa mai yawa. Mai ciki da jinjiri kuwa ko ƙamshinsa ba ka bari su daɗe a ciki. Alhaja Abike mai atamfa ta roƙe ka man saboda jikanta na goye, ka hana. Ta yi fushi, daga baya ta aiko maka da tuwon doya.

'Yata Lauratu ba za ta manta da kai ba. Da jarrabawar fita sakandare ta matso, fargaba ta hana ta barci da abinci. Ka ɗiga mata ɗigo ɗaya a hankici, ka ce ta riƙa shaƙa daga nesa. Hankalinta ya kwanta. Kai kuma naka ya tashi. "Ta hanci ƙamshi ya shiga," in ji ka, "to wace hanya ya bi ya kai zuciya?" Da ta samu makarantar jinya a Zariya, ka ce kada ta dawo hutu ba amsa.

Ta dawo jiya, Maitama. Ta ce akwai jijiya daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa. Na san da kana nan da ka ce, "To daga nan fa?"

Jinyarka ta faɗo cikin bazara, rijiya ta ja baya, lambun ya bushe kaf. Ɗoɗɗoya guda ɗaya ta tsira a gwangwani, duk Funtuwa ba ta biyu. Matarka Hajjo ta miƙo mini ita ranar sadakar uku, ta ce kai ka ce a ba ni. Ni da ban taɓa raya ko barkono ba! Na yi ta tunanin ko zolayarka ce ta ƙarshe. Ina ba ta ruwa safe da yamma, kuma na yi wa akuyata kashedi a gaban shaidu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ƙamshin Aljanna ya tarye ka. Allah Ya ba Hajjo da 'ya'yanka Abdussamad da Shafa'atu haƙurin rashinka.

Da safen nan ɗoɗɗoyarka ta fitar da sabon ganye. Na murza na shinshina. Gaskiyarka ce, akwai kanumfari.