Ranar da Maccido Ya Zo Ta'aziyyar Kansa

Maccido taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ba ya da ikon yin fushi. Ni sunana Tamu, direba ne, shekara ashirin da wani abu ina bin hanyar Jega zuwa Maiyama. Shi kuwa Allah bai ba shi ƙarfin noma ba, bai ba shi bakin ciniki ba. Tun muna ƙanana, in an tafi gona, sai ka iske shi gindin icce yana karanta takardar da anka ƙunso ƙosai a ciki.

Shekarar da anka ba mu jihar Kebbi ya samu wata tsohuwar tafireta, ya kafa tebur ƙarƙashin darbejiya kusa da kotu a Jega. Da yatsa biyu yake bugawa, har yau kuma bai ƙara na uku ba. Wasiƙar neman aiki, takardar saida gona, ƙorafin wanda shanu sunka shiga mishi shuka, duk shi ke rubutawa. Da zamani ya juya sai ya kama shago, ya sa kwamfuta uku da janareto mai tari, ɗalibai daga Aliero suna zuwa shiga intanet. Da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, shagon ya koma wurin caji da hira.

Yana da 'yar gonar albasa a bakin gulbi, wadda matarsa Hamida ke cewa kayan miyarta ma ba ta cikawa. Wata shekara ya sayi iri mai kyan gwangwani, da hoton albasa ja jawur a jiki. Ya yi reno, ya dasa, ya yi ta ban ruwa wata uku. Lawashi ya tashi kore shar har gwiwa, amma da anka tona ƙasa, wayam, babu komai sai saiwa. Ba shi kaɗai ba ne. A Jiga Birni da Liba akwai gidajen da rani guda ya tafi a banza.

Da wani ne, da ya yi Allah ya isa ya haƙura. Maccido sai ya ɗauki hoton gwangwanin da hoton gonar, ya buɗe shafi a intanet, ya sa mishi suna Zauren Manoman Albasa. Daga nan duk wanda iri ya cuta, ko anka saida mishi maganin feshi da ya lalace, sai ya aiko da labari. Yana da ƙa'ida guda mai ban haushi: ba ya sa komai sai manoma biyu daga ƙauye biyu sun shaida, sannan ya hau tsohon mashin ɗinsa ya je ya gani da idonsa. Na sha ce mishi, "Taubashi, alƙali ma ba ya wanga wahala." Sai ya ce alƙali yana da ɗan sanda, shi kuwa gaskiyarsa kawai ke tsaronsa.

Shekara huɗu ana haka, sai rediyo ya kawo labarin wani ƙudurin doka a majalisar tarayya. Yadda munka fahimta, duk wanda zai zargi wani a intanet sai ya fara zuwa kotu ya yi rantsuwa, in ba haka ba gidan yari. Kai, teburin mai shayi a tasharmu ya sha hayaniya! Kuma bari in faɗi gaskiya, ni ina cikin masu goyon baya. An taɓa ɗaukar hoton wata mota da ta ƙone, anka yaɗa cewa tawa ce. Kafin in iso gida innata ta suma sau biyu. Na ce wa Maccido a gaban kowa, "A kama maƙaryata mana! Kai mi ya dame ka, tunda gaskiya kake faɗi?"

Ya ajiye kofinsa ya ce, "Tamu, wanda ya yi maka ƙarya ko sunansa ba ka sani ba, doka ba za ta gan shi ba. Ni kowa ya san ƙofar shagona. Kuma tsohuwar da iri ya cuta a Kuberi, kai za ka kawo ta kotu ta yi rantsuwa kafin a ji ta?"

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba.

Bayan kwana biyu wani babban dillalin iri, wanda shafin ya taɓa tona mishi asiri, ya aiko da saƙo: ranar da anka sa hannu kan dokar, Maccido ne na farko da zai ci gabza. Hamida ta ji, ta daina cin abinci. Maccido yana da ciwon suga, shekarunsa sun kusa sittin, kowa ya san ba zai yi wata biyu a kurkuku ba. Ta zaunar da shi ta ce, "Malam, don Allah wa kake yi wa? Mutum nawa ke karanta abin nan?" Ya duba waya. In ya sa labari, masu danna alama ba sa wuce talatin, rabinsu kuma ɗaliban da ke caji a shagonsa ne.

A lokacin matasa a faɗin ƙasa sun sa rana, wata Laraba, da kowane mai shafi zai rufe fuskarsa da baƙi don nuna adawa da ƙudurin, yadda anka ce wasu manyan shafuka na ƙasashen waje sun taɓa yi. Ranar Talata da yamma Maccido ya tare ni a tasha. Ya ce zai yi baƙin tare da su, amma shi nasa ba zai buɗe ba, Alhamis zai goge shafin gaba ɗaya. Na ce, "To, ka rubuta bayani a ƙasa." Ya ce in ya yi rubutu ai bai yi shiru ba kenan. Wallahi na ji zafi a raina, don lokacin sayen iri ne, an sauke gero kowa na shirin fadama. Amma bakina ya riga ya goyi bayan doka, sai na ce, "Ka huta da shan rana," na ja motata.

Abin da matasan birni ba su sani ba, Maccido kuma ya manta, shi ne a wurinmu baƙin hoto a waya ma'anarsa guda ce. In ka ga mutum ya sa baƙi, an yi rasuwa. Shi kuma gogan ya sa baƙi wuluk babu harafi ko ɗaya, ya kashe wayarsa, ya wuce gona bayan sallar asuba. Hamida ta kulle gida ta tafi suna Aliero.

Da hantsi ina lodi a Maiyama sai ga wata tsohuwa da sanda, mutum shida a bayanta, idonta ja. Sunanta Gudiya, daga Kuberi, mijinta ya rasu ya bar mata fadama. Ta ce, "Ɗana, Jega za ka kai mu, gidan Malam Maccido. Allah ya sa mu samu jana'iza." Na yi dariya har da dukan sitiyari, na ce ɗan'uwana ne, jiya muna tare, lafiyarsa lau. Ta ce in kira shi. Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na tuna sugansa, na tuna fuskarsa jiya, na daina dariya. Ban jira mota ta cika ba.

Da munka shiga layinsu na rasa wurin ajiye mota. Mashina a jere har bakin masallaci, wata akori-kura ta sauke mutanen Liba. Maƙwabta sun ga gida a kulle, babu wanda ya ga Maccido tun asuba, baƙi kuma ba a barin su tsaye, sai sunka fito da tabarmi. Wasu na cewa a asibiti ya cika, wasu na cewa kama shi anka yi zuciyarsa ta buga.

Ina ƙoƙarin kutsawa sai na hango shi a ƙarshen layi, ya jingine mashin, ƙafarsa duk taɓo. Ya ga tabarmi da taro a ƙofarsa, ya ɗauka Hamida ce ta rasu. Ya ƙaraso da sauri. Ya dafa wani dattijo da ke bakin tabarma, Ɗantsoho daga Jiga Birni, ya ce, "Baba, wa ya rasu?"

Ɗantsoho bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya ce, "Malam Maccido mai zauren albasa. Zauna, bawan Allah. Ka san shi?"

Maccido ya zauna, bakinsa a buɗe. Ni kuma na tsaya bayansu na ƙi faɗa musu ko wane ne, Allah ya yafe mini.

Ɗantsoho ya ce, "Mu garinmu waya guda ke shiga intanet, ta mai kemis. Bayan la'asar muke taruwa ya karanta muna. Bara har na ɗauki gwangwanin wani iri a kasuwa, anka ce Malam ya hana, na ajiye. Da na shuka shi, da ban ci ba ban ciyar ba. Mun so mu zo mu gode mishi, kullum sai mu ce gobe." Ya share ido da hannun riga. Wani daga Liba ya ce su ma haka, a bakin masallaci ake karantawa, mata kuma su tambayi mazansu in sun shigo.

Na kasa daurewa. Na daka tsawa na ce, "Jama'a, ga gawarku nan zaune tana saurare!"

Salati ya tashi. Ɗantsoho ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. Wasu na dariya, wasu na kuka, wani ya zo ya taɓa kafaɗarsa don ya tabbatar. Da ƙura ta lafa Maccido ya miƙe ya yi bayani: ƙudurin, saƙon dillali, baƙin, da cewa gobe zai goge shafin.

Gudiya ta ratso mutane ta tsaya gabansa, ta buga sandarta ƙasa. "Kai ne Maccidon? Ɗan firit da kai ka tada muna hankali haka? To ji nan. Na sayi iri mai hoton rakumi, na gwada a kwano, kwana goma ko ɗaya bai tsiro ba. Na yi niyyar aiko maka yau. Ka ce tsoron kurkuku kake, don sunanka kaɗai ke ƙasa. Rubuta nawa. Ka ce Gudiya ta Kuberi ta faɗa, a zo a kama ni, fadamata na bayan makaranta."

Maccido ya ce, "Inna, sai an samu shaida na biyu."

Hannu huɗu sunka tashi daga cikin mutanen Liba.

Daga baya mun ji ƙudurin bai kai labari ba, kuma ban ce mu munka kashe shi ba. Amma ranar babu wanda ya san haka. Kowa a kan tabarmar nan ya ɗauka ɗauri zai iya biyo baya. Maccido ya ciro waya ya kunna, ya cire baƙin, ya rubuta labarin irin, ya sa sunan Gudiya. Ɗantsoho ya matso ya ce a sa nasa da na babansa, don kada a yi kuskuren gida. Kafin a kira azahar layin masu ba da suna ya kai bakin titi, kowa na faɗin sunansa da ƙauyensa da ƙarfi.

Hamida ta sauko daga motar Aliero a guje, mayafi a hannu, don labarin rasuwa ya riske ta wurin suna. Ta tsaya tana haki, ta dubi mijinta da rai, ta dubi layin. Maccido ya ɗago, hawaye na sauka cikin gemunsa. Ta daɗe tana kallon mutanen nan, sannan ta gyara mayafinta, ta wuce ta shiga layi a bayana.