Bijimin Bitrus da Anguryar Funtua

Har yau ban manta da ranar da muka auna bijimin Bitrus ba, a wani ƙauye kusa da Dayi, wajen tsakiyar shekarun 1980. Lokacin ina mataimakin malamin dabbobi a Malumfashi. Ofishinmu kan ajiye bijimi mai kyawun iri a hannun manomi guda, makwabta su riƙa kawo shanunsu barbara. Bitrus aka ba wa na yankin, kuma ya riƙe shi kamar ɗan fari. Duk sati sai ya sayo masa angurya, wato ƙwayar auduga, daga Funtua. Bijimi ya yi ɓul-ɓul yana sheƙi, amma shekara ta zagayo ba maraƙi ko ɗaya.

A cikin shanun da aka kawo har da saniyar matarsa Saratu. Su ma sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, kuma mahaifiyar Bitrus, Iya, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. A gabana ta ce, "Malam, a kai saniyar nan kasuwa. Juya biyu a gida ɗaya sun yi mana yawa." Saratu ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai.

Na kai rahoto, likitanmu ya zo da madubin duba ƙwayoyi. Mutane suka jero shanunsu, shi kuwa ya wuce su ya nufi bijimi. Bitrus ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan lafiyarsa lau. Dubi tozonsa." Likita ya ce, "Tozo ba ya haihuwa, Bitrus."

Muka ɗebi maniyyin bijimin, aka ɗiga a gilashi, likita ya ce Bitrus ya leƙa da idonsa. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago ya ce, "Yawancinsu barci suke yi." Kowa ya fashe da dariya. Likita ya bayyana cewa angurya idan ta yi yawa tana raunana ƙwayoyin namiji, ga shi kuma bijimin a ɗaure yake, ba ya samun ɗanyar ciyawa. A cikin ɗanyen ganye akwai sinadarai irin su bitamin E masu kare ƙwayoyin daga lalacewa, kamar yadda mai yake hana garma tsatsa. Ya ce a rage angurya, a sake shi kiwo a fadama, a yi haƙurin 'yan watanni.

Ina ɗaure kaya a babur sai Bitrus ya matso, ya yi ta shafa sirdi kamar mai shirin saye. Can ya ce, "Malam, wannan madubin, na dabbobi ne kaɗai?" Na ce na mutane yana asibiti, kuma ba a shela a kasuwa. Ya ce, "Shekara da shekaru Saratu ake kaiwa wajen masu magani. Ni ko sau ɗaya ba wanda ya ce in zo."

Ya je kuwa. Da bakinsa ya gaya mini an ce nasa ma masu barcin sun fi yawa. Aka ba shi magani, aka hana shi taba, aka ce ya rungumi zogale da gyaɗa da tumatir. Abokansa suka yi ta tsokanarsa wai shi da bijiminsa kiwo ɗaya suke yi, shi kuma ya ce aƙalla shi da gishiri yake cin nasa.

Saniyar ce ta fara haihuwa, Saratu kuma ta biyo baya da jinkiri. Ba na cewa zogale ne ya kawo ta, haihuwa ta Allah ce. Abin da aikin ya koya mini shi ne, in aka ce mace juya ce, ta dabba ko ta mutum, a fara duba namijin kafin a yanke mata hukunci.

Ranar suna na tarar da Iya rungume da jaririya, tana yi wa wata makwabciya faɗa don ta takura wa tata surukar kan rashin haihuwa. Cewa take, "Ke dai ki bar yarinyar mutane ta huta. Ɗan naki, an auna shi?"