Albasata a Rudun Taubashina

Duk tsawon shekarun da na yi ina koyarwa, daga Garhanga zuwa Ibohamane har Buza, babu shekarar da ban zana tekun Atalantika a kan allo ba. Turai a dama, Amurka a hagu, in ja layi tsakaninsu in ce wa yara ta nan jiragen ruwa suke wucewa da kaya. Ni kuwa ko bakin teku ban taɓa takawa ba. Da na ajiye alli sai na koma ƙauyenmu kusa da Madawa, na kama garkar albasar da babana ya bari.

Babana bai bar mini shanu ba, iri ya bar mini. Kowace shekara akan zaɓi kawunan albasar da suka fi tauri, masu siririn wuya, a sake dasa su har su yi fure, a tara irin a ƙulle cikin tsumma. Albasar nan ba ta son takin zamani da yawa, kuma ana yanke mata ruwa tun kafin cira. Ba ta da girman a zo a gani, amma in ka shimfiɗa ta a rudu, wato bukkar da muke ajiyar albasa, sai ta ratsa damina ba ta ruɓe ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma a raina na san duk kwarin nan babu mai irinta.

Ina da taubashi, ɗan goggona, ƙanwar babana. Sa'ana ne. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko na yini ɗaya, sai baki da dariya, in yana wuri ba ka jin muryar kowa. Irinsa a kasuwa yake saye, ya ɗura taki, albasa ta yi manyan kai, ya riƙa yi mini ba'a wai tawa ƙwan zabi ce. Ni kuma in jira damina ta yi nisa in tambaye shi ko mushen jaki ya ɓoye a rudunsa.

Wata shekara, wajen ƙarshen damina, shugaban koperatib, wato ƙungiyarmu ta manoma, ya tara mu ya ce baƙi za su zo. Mace ce daga Turai da namiji daga Kanada. Ƙasashensu sun ƙulla yarjejeniyar ciniki, sai kamfanoninsu biyu suka haɗa jari suna neman albasar da ke jure ajiya, a busar da ita a sayar a can. Za kuma su ɗauki manomi ɗaya zuwa baje koli a ƙetaren teku, a san da shi da irinsa. Ina zaune a bayan taro, murna ta kama ni. Wa ke da albasar? Wa ke jin Faransanci? Har na fara tunanin rigar da zan sa.

Sai dai ruduna yana hayin ƙorama, mota ba ta iya ƙetarawa a lokacin. Na taubashina kuwa yana bakin hanya, don haka shi aka ce za a nuna. Ana gobe baƙi za su zo, da hantsi sai ga shi ya shigo gidana, babu dariyar nan tasa. Mushe ake kirana, kamar kowane malamin makaranta a wurinmu.

"Mushe, ruhe min asiri," ya ce. "Ruduna wari shikai. In baƙin ga sunka shiga, ba ni kaɗai ba, garin ga duka ya sha kunya."

A wurinmu baƙon mutum ɗaya baƙon gari ne. In aka yi wa maƙwabcinka baƙi, kai ne mai kai tabarma, matarka ta kai kwanon da ya fi kyau, kuma ba wanda zai tashi gaban baƙo ya ce wannan kwanon nawa ne. Ban yi wani dogon tunani ba. Muka ɗaura shanu a amalanke, muka kwashe ruɓaɓɓiyar tasa muka zubar, muka ɗauko tawa muka shimfiɗa a madadinta. Ni da hannuna na jera ta, na sa masu ƙyalli a gaba.

Washegari baƙi suka iso. Maigari yana nan, liman yana nan, dattawa sun cika inuwa. Aka ce Mushe ya matso ya yi tafinta. Matar ta sunkuya ta shiga rudu, ta ɗauki albasa ta matsa, ta sansana. Namijin ya zaro wuƙa ya raba ɗaya, ya daɗe yana kallon cikinta. Daga nan suka shiga yabo. Suka ce sun zagaya garuruwa ba su ga irin wannan ba, suka ce wanda ya noma ta ya san ƙasa. Ni kuma ina tsaye ina juya kowace kalma zuwa Hausa, ina miƙa wa taubashina yabon da yake nawa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Taubashina bai yi shiru ba. Ya dube ni ya ce, "Hwaɗa musu gaskiya, Mushe. Albasag ga taka ta, aro niy yo."

Kowa ya ji. Baƙi suka juyo gare ni suna jiran fassara. To me zan ce? In buɗe baki gaban maigari da liman in ce duk wannan yabon ni ya dace da shi? Tun muna yara aka koya mana yabon kai jahilci ne. Kuma wanda ya ba da aro ya zo yana shela, gori ya yi. Da akwai wani mai jin Faransanci a wurin, da shi zai faɗa, ni in sunkuyar da kai in ce a'a, ba komai ba ne, su kuma su gane. Amma bakina shi kaɗai ne hanyar. Na dubi maigari ko zai matsa mini, in samu abin fakewa. Maigari yana kallon ƙasa yana jan carbi.

Na ce musu, "Ya ce yana godiya, kuma yabon na garin ne baki ɗaya."

Matar ta yi murmushi, ta tambayi sunansa. Ni na faɗa mata harafi bayan harafi ta rubuta.

Daga ranar hassada ta kama ni, kuma ba zan sa mata wani suna mai daɗin ji ba. Ni na raka shi birnin Tawa neman takardun tafiya, ni na cika su, shi nasa dangwala yatsa kawai. Ya ɗinka babbar riga. In an taso daga Juma'a mutane su kewaye shi, wannan ya ce ya sayo masa agogo, wancan ya ce ya gaida Nasara. Ni sai in ce ina da ban ruwa in sulale. Na roƙi Allah a hana shi biza, na yi istigfari, bayan kwana biyu na sake roƙo. Har na riƙa gaya wa kaina da gangan ya yi maganar nan sau ɗaya tak, don ya san halina, ya san ba zan iya faɗa ba. Matata ta gaji da tsakina ta ce, "Malam, shi dai ya hwaɗi. Kai ka haɗiye." Kwana uku ban ci tuwonta da daɗin rai ba.

Ya tafi, ya yi kusan wata guda. Ban je tarbarsa ba. Shi ya zo gidana da la'asar, da wata ƙatuwar rigar sanyi a hannu, tsarabata ke nan a ƙasar da rana ke gasa mutum. Ya zauna ya shiga ba ni labari: ya ga teku ta tagar jirgi, ruwa ba iyaka, har ya rufe ido don tsoro. Ina cewa "to" kawai.

"Can ma sai da nih hwaɗa musu," ya ce. "Wani ɗan Nijar mai karatu can shi yay yi tahinta. Nic ce albasa ta taubashina ta. Ka san mi sunka yi? Tahi sunka yi min! Sunka ce ba su taɓa ganin mai tawali'u awa ni ba."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa ji na yi kamar an zuba mini barkono a ido. Ko kunyar tawa ma shi aka yaba wa.

Sai ya zaro wata takarda mai sheƙi daga aljihu, irin wadda za a liƙa a kan kayan. Ga hotonsa da babbar riga, riƙe da albasata biyu, haƙora a waje. Ya ce in karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa. Na sa tabarau na karanta, ban rage komai ba. An rubuta cewa wannan iri ne da kakansa ya zaɓa da hannunsa, zuri'arsa suka adana shi har yau.

Na ajiye takardar a kan tabarma. A karo na farko na ce abin da ke raina. "Wagga ƙarya ta. Irin ubana na, kuma kai ka sani."

Ya daina dariya. Ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Kawu wa yab ba shi irin? Ba tsoho ba? To ai kakanmu guda na, Mushe."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ko sau ɗaya, duk tsawon watannin da na yi ina cin kaina. Tsohon da ya haifi babana shi ya haifi uwarsa. Na sake ɗaukar takardar na bi ta layi bayan layi ina neman kalma ɗaya ta ƙarya da zan riƙe, ban samu ba. Na ninke ta na miƙa masa, na ce Allah ya sa albarka, kuma Allah ya sani ba daga zuciyata ta fito ba.