Sawun Ƙafa Ɗaya a Yashin Lau

A gidanmu na Sintali, tatsuniya ba ta jiran dare ya raba. Da an sallame magariba kakarmu, wadda muke kira Maama, za ta ja kujerarta 'yar tsuguno gaban murhu, ta tura doya cikin garwashi, mu kuma mu kewaye ta kamar kaji sun ga mai tsaba. Mutuniyar Lau ce, Hausarta cakuɗe da Fulatanci, kuma haƙurinta kaɗan ne. Ka kuskura ka yi hamma tana tsakiyar labari, to ranar sai dai ka ƙarasa shi a mafarki.

Ina aji shida na firamare a lokacin, kuma ba yabon kai ba, duk makarantarmu babu mai kamo ni a gudu, har mazan. Malamar wasanni ta zaɓe ni in wakilci makaranta a gasar da za a yi a babban filin wasa. Na dawo gida da gajeren wando da riga a leda, bakina har kunne. Bappa, ƙanin mahaifina da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, ya ɗaga wandon da yatsu biyu, ya mayar cikin ledar.

Da yammar nan Maama ta ce, "Ga wata nan ta taho muku." Muka ce ta iso, muna ji.

Wai an yi wata yarinya a Lau mai suna Dudu. Idan ruwan Binuwai ya janye, samari kan fita kan yashi su yi langa, kowa ya naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe da hannu, suna tsalle suna bangazar juna. Dudu ta ce a saka ta, suka yi mata dariya. Sai ta naɗe ƙafa ta shiga, ta dinga zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Dattawa suka daka mata tsawa, mace ba ta langa, ta sauke ƙafarta. Ta ce sai ta kayar da na ƙarshe. Ta kuwa kayar da shi. Amma da ta saki hannu, ƙafar ta ƙi sauka. Aka ja, aka shafa mai, aka yi tofi, tana nan a naɗe. Babu wanda ya sake sallama da ita. Wata rana aka nemi Dudu aka rasa.

"Har yau," in ji Maama, tana kallon wuta, "in rani ya yi, masunta na ganin sawun ƙafa ɗaya a kan yashi. Ya tafi ruwa, babu na dawowa."

Ko sau ɗaya ba ta dube ni ba, kuma ranar doyar ta ƙone. 'Yan'uwana suka yi ta tsalle da ƙafa ɗaya suna dariya, ni kuwa na zauna ina lailaya gwiwata. Washegari na mayar wa malama ledarta, na ce cikina ke ciwo. Na yi shekaru ina mafarkin ina gudu ƙafata na naɗewa.

Sai da na zama malamar makaranta, da 'ya'ya uku, na tayar mata da maganar. Ta tsufa sosai, tana shan hantsi a tsakar gida. Cikin wasa na ce, "Maama, ina labarin Dudu?"

"Wace Dudu? Ni na ƙera labarin a ranan nan." Sannan ta ci gaba. "Bappanki ya rantse, in kin fita da cinya a waje gaban maza, boko ya ƙare miki. Na duba, gudu ko boko. In na hana ki da baki, kanki taurin nawa ne, za ki je. Tsoro kaɗai zai riƙe ki, ɓingel am, yarinyata."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na rasa inda zan kama ta da laifi, don allin da nake ci da shi a yau, wannan ƙaryar ce ta bar mini shi. Amma me ya sa tun farko sai an zaɓa? Yaran Bappa maza sun yi ta buga ƙwallo har suna karya ƙafa, babu wanda ya ƙera musu tatsuniya.

Can ta ce, "Wai da gaske kina da gudu? Ni ban taɓa gani ba. Tashi ki je bakin ƙofa ki dawo, in gani kafin in mutu."

Na miƙe, na cire takalmi, na gyara ɗaurin zanena. Sai na tsinci kaina ina waige-waige, ko akwai namiji a zaure, ko wani na leƙe ta katanga. Babu kowa. Bappa ma ya yi shekara huɗu a kabari. Duk da haka na koma na zauna, na ce mata girma ya zo. Ta daɗe tana kallona, ba ta sake roƙona ba. A damunar nan ta rasu, kuma har yau kallon nan bai bar ni ba.