Akushin Arzika Ɗan Runji

Kakata Tumba, wadda muke kira Inno, ba ta iya tatsuniya mai daɗi ba. Sauran tsofaffin garinmu Alelu suna ba jikokinsu labarin da za a kwashe da dariya a tafi barci. Ita kuwa in ba a zubar da jini ba, gani take ba ta ce komai ba. Mahaifiyata ta sha yi mata ƙorafi cewa ita ke sa mu fitsarin kwance, Inno ko a jikinta. "Bari su ji tsoro nan gabana," in ji ta, "inda nika iya riƙe su."

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato. In an gama girbi, sanyi ya sauka, da an idar da isha'i sai mu tara kara a ƙofar ɗakinta mu hura wuta, mu tura gyaɗa cikin toka. Ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ga wata ta taho, wa ka tarbon ta?" Mu ce mu ne. A cikin duk waɗanda ta ba mu, ta Arzika ce ta zauna mini a rai.

Arzika ɗan runji ne, wato mahauci, daga wajen Maiyama. Tun bai kai tsawon kafaɗar ubansa ba ya iya kayar da bijimi, amma ya tsani sana'ar. Yana ganin yadda masu riguna ke sayen nama a hannun ubansa, in ya miƙa musu hannu su ba shi kan yatsu. Rannan ya ajiye wuƙa ya gudu Jega, ya shiga gidan wani attajirin goro, ya ce shi maraya ne, ɗan malamai. Yaro ga kaifin kai, ga ladabi. Daga ɗaukar kaya ya koma tsaron rumfa, daga nan maigida ya fara zama da shi a zaure, har ta kai suna cin tuwo a akushi ɗaya. Aka fara cewa bana shi zai ja ayarin maigida.

Sai dai tsoro bai bar shi ya ji daɗin ko loma ɗaya ba. Ba ya bi ta layin 'yan nama. Ranar layya, in aka kwantar da rago, sai ya rufe ido ya shige ɗaki, wai shi ba ya iya ganin jini. Bayin gidan su yi ta yi masa dariya, shi kuwa dariyar ta fi masa zuma.

Wata ranar kasuwa yana tafe bayan maigida, sai wani mai tallar kilishi ya ƙwala kira: "Arzika! Ɗan babana!" Yayansa ne, Bawa. Arzika ya kau da kai kamar ba da shi ake ba, amma da yamma ya aika aka gaya wa Bawa su haɗu a bakin gulbi. A nan Inno takan sauke murya, mu matso har gashin ƙafarmu ya fara ƙauri. Bawa ya rungume ƙanensa yana kuka. Ya ce tsohuwarsu kullum sai ta ambace shi. Ya shafa rigar Arzika yana murna, sannan ya faɗi maganar da ta kashe shi.

Inno ta ce, "Yac ce mai, 'Gobe ni ka zuwa in duƙa gaban maigidanka, in yi mai godiya da yar riƙe muna kai.' Alheri na fa yaka nuhi, ɗiyana. Alheri tsantsa."

Arzika ya roƙe shi kada ya zo. Bawa ya yi dariya, ya ce wane irin ɗan'uwa ne ba zai yi godiya ba. Da ya sunkuya zai ɗauki farantinsa, Arzika ya zare wuƙar da ke ƙugun yayan nasa, ya taɗe shi, ya danne masa haƙarƙari da gwiwa. Inno ta ce bai ma san lokacin da ya juya fuskar Bawa alƙibla ba, hannu ne ya tuna aikinsa. Ja ɗaya ya yi wa maƙogwaron. Jini ya yi tsartuwa har kan rigar da aka gama shafawa, ƙafafun Bawa suna shure yashi, har suka daina. Don kada a gane gawar, ya rarraba ta gaɓa gaɓa ya watsa cikin ruwa. A wannan wurin ƙanwata takan cusa kanta cikin zanen Inno, ni kuma in yi ta maza.

Masunta suka tsamo hannu da cinya. Aka kira sarkin fawa, ya juya su, ya ga ba a fasa ƙashi ko ɗaya ba, kowace gaɓa an bi ta inda Allah ya haɗa ta. Ya ce, "Wanga aikin namu na." Dogarai suka kwashe rundawan garin kaf, aka ɗaure su a rana ana zabga musu bulala, har wani tsoho ya mutu a ɗaure. Sai wata mai fura ta tuna mai kilishin da ya kira yaron attajiri ɗan babansa. Aka kamo Arzika, aka tono rigar inda ya binne ta. Ranar kasuwa hauni ya sare masa kai a gaban jama'a, kuma sai da ya sara har sau uku, don shi bai iya wuƙa kamar Arzika ba.

Mu yara a nan muke ganin labari ya ƙare, mugu ya ga sakayya. Inno kuwa tana da sauran magana. Ta ce da attajirin ya koma gida, ya sa aka fito da akushin aka farfasa shi da taɓarya. Mutane suka ce ai dole, wa zai ci a akushin mai kisan kai? Ya ce, "Kisa tsakaninsu na, ba ruwana. Ni abin da yad dame ni, ashe da ɗan runji nika cin tuwo." Tana faɗar haka sai ta tofa yawu cikin wuta ta ce mu tashi, ko rufe tatsuniyar ba ta yi.

Na girma ina ɗauka darasin shi ne kada mutum ya ƙi asalinsa. Sai da na je kwaleji a Sakkwato, wata malama Kirista 'yar Filato, Malama Rifkatu, ta karantar da mu adabin Amurka. A cikin littattafan na yi ta cin karo da Arzika sanye da kwat. Saurayi ɗan talaka ya bar garinsu, ya koyi maganar masu kuɗi da yadda suke riƙe cokali, ya kusa shiga, sai wani abu daga baya ya taso, ya yi ɓarna don ya rufe shi. Wasu ma baƙar fata ne, abin da ake ƙi a jikinsu ba ya ɓoyuwa. Malama ta tambaye mu: a ƙasar da ke cewa kowa zai iya zama komai, me ya sa waɗannan samari ke rayuwa cikin firgici? 'Yan aji suka ce buri ne ya yi musu yawa. Ban yarda ba. Buri ne ke fito da su daga gida, amma lokacin ɓarnar tsoro ne ke aiki, kuma wani ne ya koya musu tsoron. Na lura marubutan ba sa daɗewa a kan kisan. Sun fi daɗewa a kan wa aka gayyata cin abinci, wa aka shigar ta ƙofar baya. Masu gidan kuwa, bayan an binne kowa, sukan share falo su ci gaba da harkarsu.

Da na zo hutu na sami Inno tana cin tuwo ita kaɗai a ƙofar ɗaki, ta tsufa ƙwarai. Na ba ta labarin littattafan, ina jin kaina malami.

"Can ma suna da rundawa?" ta tambaya.

Na ce suna da waɗanda ba a cin abinci da su.

"To ai su na." Ta juya loma cikin miya. "Kai ba ka san ubana runji na ba, ko? Jega anka haihe ni, bayan mahauta. Kakanka yag gan ni yac ce sai ni. Tun randa anka kawo ni gidanga, 'yan'uwanshi mata ba su taɓa sa hannu ƙwarya guda da ni ba. Sun ci naman da ubana ka aiko muna, har sunka mutu."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Na tashi na wanke hannu, na zauna, na jawo ƙwaryar tsakaninmu. Ta dube ni ta gefen ido, ta tura mini ɓangaren da ya fi miya.

"Ci a hankali," ta ce. "Ba mai hwasa wagga."