Muryar Baba ta Bayan Katanga

Maƙwabcina ya shiga ordinatata, wato kwamfutata, ba da sanina ba, ya kwashe muryar mahaifina. Haka abin yake, ba zan yi masa kwalliya ba, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Ni gyaran injin ban-ruwa nake yi a Madawa. Lakwal, wato boko, ban wuce aji huɗu ba, kuma tun ina yaro na saba da masu takarda suna yi mini kallon jaki. Shi ya sa da na samu hali na sayi ordinata har biyu, babba a shagona cikin zaure, ƙarama a cikin gida. Wani mai gyara ya kafa mini akwatin wifi, ya haɗa su, ta yadda dosiyen, wato jakar ajiya, da ke cikin babbar zan buɗe shi a ƙaramar ina kishingiɗe a tsakar gida. A dosiyen nan na ajiye maganar Baba. Shekarar da ƙafa ta hana shi zuwa fadama, na riƙa zuwa garinmu Tama ina ajiye masa waya a gaba tana ɗaukar murya, shi ko yana ta zuba: yadda aka haƙa rijiyar garkarmu, shekarar fara, sunayen mutanen da yanzu ko kabarinsu ba a sani ba. Wayar ta lalace daga baya, amma na riga na juye komai.

Wata takwas da rasuwarsa, ina alwalar la'asar, sai na ji tarinsa. Tarin nan guda biyu da yake yi kafin ya soma magana. Ta bayan katanga ya fito. Butar ta suɓuce mini, na fita ko takalmi babu.

Maƙwabcin nan ma'aikacin asibiti ne, Likita muke ce masa. Sati biyu kafin nan ya roƙe ni kod ɗin wifi zai aika takarda garin Tawa, na ba shi. Na tarar da shi zaune da tsohuwarsa, ordinata a kan tabarma, ubana yana magana a ciki.

"Likita, wa ya ba ka ubana?"

"Yaya, zauna tukuna. Ranar da ka ba ni kod, dosiyen ya fito a injina shi kaɗai. Na taɓa, Inna ta ji murya, ta ce wanga ai ɗan garinsu ne. Shi ne na kwafa mata."

"Hanya na ba ka ka wuce, ban ce ka shiga ɗakina ba!"

Tsohuwar ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, ya ambaci mahaifina cikin masu haƙar rijiya. Na manta rabon da in ji an faɗi sunansa."

Yanzu in na tuna maganar nan kunya nake ji. A ranar kuwa ko gezau. Na ce ya goge, ya ce to. Na sa aka canza kod, na daina gaishe shi, ko a masallaci sai in sake sahu.

Damina ta zo. Wata rana ina kasuwar Bangi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin zaure ya yoyo daidai kan babbar. Mai gyara ya kwance ta, ya jijjiga kai ya ce abin ajiyarta ya mutu, babu mai tada shi. Na ce ba komai, akwai a ƙaramar.

Ya dube ni ya ce, "Maigida, babu komai a ƙaramar. Rumbu ɗaya gare ka, ƙofa ce biyu. Leƙe kawai take yi."

Ni duk zaman nan, tunda ina ganin abu a wuri biyu, na ɗauka biyu ne. Ba wanda ya faɗa mini, ni ma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Kwana uku tuwo bai wuce mini ba. Ƙannena mata sun ce za su zo da Sallah su ji Baba, na rasa bakin da zan faɗa musu.

Rana ta huɗu da hantsi aka yi sallama. Likita ne, rungume da ordinatarsa.

"Yaya, na ji abin da ya faru. Na ce maka zan goge, ƙarya na yi. Inna ta ce in na taɓa shi ba ta yafe mini ba. Ba ni kod."

Na miƙa masa takardar da aka rubuta shi. Ya ajiye tasa kusa da ƙaramar tawa, muka zuba ido wani koren layi yana cika a hankali, maganar Baba tana ƙetarowa ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ya kashe wifi ɗin gaba ɗaya, ya ce in buɗe in gani da idona cewa wannan karon tana ciki. Na taɓa ta farko. Baba ya yi tari sau biyu. Na juya baya don kada ya ga fuskata.

Ya miƙe zai tafi, na riƙe masa hannun riga.

Na ce, "Likita, sata ka yi, ƙarya kuma ka yi mini. Ba zan ce ba ka yi ba don yau ta yi mini rana. Amma ni da na kulle ubana wuri ɗaya don kada kowa ya ji shi, ni na kusa binne shi karo na biyu. Abin da mutum ba ya son rasawa, ba a hannunsa kaɗai yake barinsa ba, yau na sani. Na gode. Kada ka goge naka. Ka kuma ce wa Inna ranar Sallah nan za ta zo ta saurara, tare da 'ya'yansa."